Mai Ciyawa a Kujerar 'Yan Kallo

A unguwarsu ba mai kiransa da sunansa na yanka. Mai Ciyawa ake ce masa, har matarsa idan ta so tsokana. Yana saurayi ya shiga babban filin wasan garin, lokacin ana kan gini, yana tura yashi a baro. Da aka gama aka sallami leburori, shi sai ya tsaya kallon wani tsoho da ke dasa ciyawa, ya miƙa masa tiyo ba tare da an ce ya miƙa ba. Tiyon nan yana hannunsa har furfura ta cika masa kai.

Ba ya taka ciyawa da takalmi. A bakin farin layi yake tuɓe silifas, ya ce tafin ƙafa ne ke gaya masa inda ƙasa ke jin ƙishi. An buga manyan wasanni a gabansa, amma in ka tambaye shi wa ya ci, sai ya sosa ƙeya. Jama'a na ihun ƙwallo ta shiga raga, shi idonsa na kan ramin da mai tsaron gida ya tona da dunduniya.

Cikin 'ya'yansa, Auta ce ta fi damunsa da tambaya tun tana ƙarama.

"Baba, yaushe za ka kai ni filinku?"

"Bari wasan nan ya wuce."

Wasa ya wuce, wani ya zo. Ranar da aka ba ta kyauta a makaranta yana can yana ban-ruwa. Ranar da ta karye a hannu ya iso asibiti an riga an ɗaure, ƙafar wandonsa jiƙe. Ba mugun uba ba ne, kowa ya shaida. Mutum ne dai da ba ya iya zama idan ya tuna akwai abin da bai duba ba. Wata rana Auta ta daina tambaya. Shi bai lura da ranar ba.

Yanzu ta girma, tana gidanta, an kuma sauya wa mijinta wurin aiki zuwa wani gari mai nisa. Saura 'yan kwanaki su tashi ta shigo da yamma, ta ajiye tikiti biyu a kan gwiwar mahaifinta. Wata mawaƙiya ce za ta yi wasa a filin, wadda Auta ke sauraro tun tana makaranta. Akwai waƙarta guda da takan rera wajen wanke-wanke har uwar ta ce ta ishe su.

"Tunda ka ƙi kai ni, ni zan kai ka," in ji ta.

"Ni da nake shiga ba tikiti?"

"Ta ƙofar baya kake shiga. Ka taɓa zama a kujera?"

Bai taɓa ba.

"Abu ɗaya nake so, Baba. Ka zauna kusa da ni har ta yi waƙata. Bayan nan ka je ka rungumi ciyawarka."

Daga kicin uwar ta ce, "Ki tafi da igiya, ki ɗaure shi a kujerar."

"Na yi alkawari," in ji shi, yana harar ƙofar kicin.

Makon nan bai ji daɗinsa ba. Manyan motoci suka shigo, aka shimfiɗa allunan roba a kan ciyawarsa, aka kafa dandamali a inda raga take, aka ja wayoyin lantarki masu kaurin damtse ta ko'ina a ƙasa. Manajan fili ya kira shi ya ja masa kunne: kada ɗigon ruwa ya fito. Domin injin ban-ruwan filin da kansa yake tashi kullum idan rana ta yi sanyi, bakunan da ke binne a ƙasa su ɗago su yi ta feshi. Abin da ke tare ruwan shi ne babban famfo, mai kai kamar sitiyarin mota, a wani ɗaki ƙarƙashin kujerun 'yan kallo. Ya rufe shi tun ranar da aka fara shimfiɗa.

Sai dai akwai 'yar siririyar ciyawa a bayan ɗaya ragar da ba a rufe ba, rana tana ta gasa ta. Da safiyar ranar wasa ya kasa jurewa. Ya je ya buɗe famfon, ya ba ta ruwa da tiyo, ya koma ya kama rufewa. Daga nan ya wuce gida, ya yi wanka, ya sa riga mai guga da takalmi sau-ciki wanda ke matse masa yatsa.

A bakin ƙofa layi ya miƙe har titi. Masu gadin ba na filin ba ne, baƙi ne da masu shirya wasan suka kawo. Ɗaya ya lalube shi tun daga kafaɗa har idon sawu.

"Tsoho, har da kai?"

"Rakiya na yo."

"To ka riƙe hularka da kyau." Ya ɗaura masa wata 'yar roba a wuyan hannu. "Wanda ya fita, ya fita ke nan. Ba dawowa."

Suka yi ta hawan matakala. Da suka kai kujerunsu ya juya ya dubi filin daga sama, karo na farko a rayuwarsa, bai ga ko ɗigon kore ba. Kawuna ne kawai, dubbai, suna motsi kamar ruwa a tukunya. Ya zauna. Ya gyara zama. Ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya sauke. Wasu samari suka fara kiɗa a dandamali kafin mawaƙiyar ta fito, gangar tana dukansa a ƙirji. Duk tsallen da jama'ar ƙasa suka yi sai ya ji kamar a bayansa suka dira.

"Baba, ka ga fitilun can?"

"Na gani."

"Ba can kake kallo ba."

Ya mayar da ido inda ta nuna. Ta saya masa ruwan sanyi, ta gyara masa wuyan riga, ta ɗauke su hoto yana murmushin dole. Har ya ɗan fara kaɗa ƙafa, sai wani matashi a bayansu ya girgiza gorar ruwa ya watsa sama don murna. Ɗigo ya sauka a wuyan Mai Ciyawa. Ya daina kaɗa ƙafar.

Ya tuna hannuwansa a kan famfon da safe. Ya tuna ya fara juyawa. Ya kuma tuna muryar manaja daga waje, yana kiransa ya zo ya nuna wa wani direba inda zai bi da mota. Ya fita, ya nuna. Bayan nan fa? Ya koma ɗakin, ko bai koma ba? Ya laluba ƙwaƙwalwarsa. Ya ga kansa yana kulle ƙofa, amma ya kulle ƙofar nan sau ba adadi, bai san ko ta yau ce yake gani ba ko ta jiya.

Ya zaro waya ya kira Dogo, abokin aikinsa. Ba sabis, jama'a sun cinye. Ya sake kira. Ya ɗaga wayar sama kamar yadda ya ga yara na yi. Ya miƙe, na baya suka ce ya zauna, ya zauna.

Shi bai taɓa buƙatar agogo a filin nan ba. Inuwar rufin yamma ce agogonsa: idan ta kai da'irar tsakiya, injin zai tashi. Yau an rufe da'irar, amma ya san inda take ko da idonsa a rufe, daidai ƙarƙashin wata rumfa da aka cika da na'urori. Inuwar tana rarrafe a kan kawunan mutane, a hankali, ba ta fasawa. Ya dubi wayoyin lantarkin da suka bi ta ƙasa. Ya dubi ƙafafun da ke tsalle a kusa da su.

Sai ga mawaƙiyar ta fito cikin riga mai ƙyalli. Filin ya ɗauki ihu har kujerar da yake kai ta yi rawa. Auta ta miƙe tana tafi, ta juyo don ta ga fuskarsa, sai hannuwanta suka tsaya.

"Mene ne?"

"Ba komai."

"Baba, gumi kake yi."

Dole ya kai baki kunnenta ya faɗa da ƙarfi, abin da bai saba ba. Ta saurara har ƙarshe. Ta zauna.

"Ka rufe. Kullum kana rufewa."

"Na sani."

"To?"

"Ban tuna ba."

"Ko murfin tukunya ba ka bari a buɗe. Mama har faɗa take yi kana bin bayanta kana rufe abubuwa."

"Na sani, Auta."

Aka gama waƙar farko, aka shiga ta biyu.  Ya ce wa kansa zai jira waƙa ɗaya. Inuwar ta taɓa gefen rumfar. Ya dubi 'yarsa. Ita ba ta dube shi ba, idonta na kan dandamali, amma ta daina rera komai.

"Je ka," in ji ta.

"Yanzu zan..."

"Ba dawowa, ka ji abin da suka ce. Je ka, Baba. Ai na saba."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya miƙe ya bi ta gaban gwiwoyin mutane yana ba da haƙuri, ya kama matakala. Ɗakin famfon ta waje ake shigarsa, ta bayan fili, dole sai an fita ƙofa. Mai gadin nan ya gane shi.

"Tsoho, kiɗan ya fi ƙarfinka?"

Ya miƙa hannu a yanke robar. Kafin almakashi ya sauka sai ga wani hannun kusa da nasa, mai agogon mata. Auta ce ta biyo shi.

"Ke kuma ina za ki?"

"Tun ina ƙarama nake jin labarin famfon nan. Yau sai na gan shi da idona."

"'Yar'uwa, yanzu fa aka fara," in ji mai gadi.

"Yanke."

Suka bi bayan filin da sauri, tsakanin manyan motoci da janaretoci masu hayaƙi. Takalmin ya ishe shi, ya tuɓe, ta karɓa ta riƙe. Tana haki tana mita.

"Tsoho da kai, ka fi ni gudu!"

Garin sauri makulli ya ƙi shiga. Ta karɓa ta buɗe. Ya faɗa ciki ya kama kan famfon da hannu biyu ya murɗa. Ko motsi bai yi ba. A rufe yake gam, har da tsumman da yakan ɗaura a jiki alamar ya gama. Yana nan tsaye injin ya tashi da kansa, ya yi gurnani, bututu ya ɗan girgiza, ruwa ya daki famfo ya rasa hanya. Injin ya gaji ya yi shiru.

Mai Ciyawa ya sauka a kan benci a hankali.

"A rufe yake," in ji shi, kansa a ƙasa.

"Ai na gaya maka."

Bai san da wane ido zai dube ta ba. Ita kuwa kallon ɗakin take yi. Ɗan ƙaramin wuri ne mai warin laima: benci, tiyo a naɗe, tsohuwar rigar aiki a jikin ƙusa, butar shayi, da wata 'yar taga can sama, daidai da ƙasan fili, wadda ba a ganin komai ta cikinta sai ƙafafu. Can ta miƙa hannu kan kanta ta ɗauko wani jan kofin roba, bakinsa duk tabon haƙoran yaro.

"Baba! Kofina ne wannan!"

"Aro na yi."

"Aro? Mama ta yi mini faɗa a kansa, ta ce na yar a makaranta. Har kuka na yi!"

"Ban sani ba."

"Ina za ka sani."

Ta juya kofin a hannunta. Ta share shi da gefen mayafi, ta mayar inda yake. Ta kifa bokiti ta zauna kusa da shi.

Kiɗan yana shigowa ta bango, ba a jin kalmomi, sai dai nauyinsa. Aka yi ɗan shiru a sama. Sannan aka saki wani kiɗa mai sanyi, ƙafafun da ke taga suka daina tsalle suka koma rangaji. Auta ta ɗaga kai. Shi ma ya gane ta, waƙar wanke-wanke ce. Muryar mawaƙiyar ba ta iso ɗakin da kyau ba, sai Auta ta cike mata, a hankali da farko, daga baya ta sake murya kamar tana gaban kwanuka.

Ana tsakiyar waƙar idonsa ya koma kan famfon. Ya ɗan ɗaga daga bencin, hannu ya fara miƙewa, don a ƙara tabbatarwa kawai. Ba ta daina rerawa ba. Ta ɗauki takalmansa ta ɗora masa a cinya, ta dafa su da hannu.

Ya koma ya zauna. Waƙar doguwa ce, ashe. Ya ji ta har ƙarshe.