Kamalu Mai Bin Laimar Kwaɗi

Ranar da kwarkwasa ta tuɓe wa Kamaluddeen wando ina wurin, don haka kada wani ya ce ƙari na yi. Da hantsi ne, an kwana ana ruwa. Ina zaune rumfar facina bakin hanyar Kasuwar Daji sai ga mutum ya ɓullo daga gonakin gero a guje, wando a kafaɗa, shina tsalle shina marin cinyoyinai. Mata masu tallen nono sunka watse suna salati. Amma hannunai na dama riƙe da wata ambulan, bai sake ta ba.

Na ce, "Ɗan boko, yau jarrabawar tsere a kai?"

Ya ce, "Kawu Mudi, ba ni zane!"

Na ba shi tsumman goge hannu.

Kamalu ɗan maƙwabciyata Maimunatu ne, katanga guda ke tsakaninmu. Tun shina ƙarami ba ya kallon gabanai, ƙasa yake kallo. A aike shi sayen gishiri, ya dawo da ƙwaro cikin gwangwani. Da ya samu jami'a a Gusau munka ce to madalla, unguwa ta yi likita. Shekara huɗu, sai ga shi ya dawo da ƙaramar wuƙa da wani gilashi rataye a wuya, wai aikinai na ƙarshe shi ne laimar kwaɗi, wagga da ke tsirowa kan juji da suri in an yi ruwa, wadda ko akuya ba ta kallo.

Ni dariya na fara. Amma bayan ranar kwarkwasa sai na zauna na yi tunani. Mi ke kai mutum kwance rub da ciki bayan suri, da waya a hannu, a wanga zamani da manomi ma ba ya wuce gonar kusa? Na fara lura. Ba ya fita sai ran da anka yi ruwa, sa'ad da sawun babur ke ɓacewa. Duk inda ya tsaya sai ya danna waya ya kwafi wasu lambobi a littafi. Ran Talata ya yi hanyar Zurmi, ran Asabar ya hau babur zuwa wajen Galadi. Rannan na leƙa ta kan katanga, na hangi kofunan shayi bakwai a kife kan farar takarda, jere a ɗakinai.

Ban kai ƙara ba. Na dai faɗa a wurin mai shayi, cikin wasa, cewa ɗan Maimunatu ya san daji fiye da masu dajin. Kwana biyu, kalmar infoma, mai kai wa 'yan bindiga labari, ta manne mai. A nan kuwa wanda anka kira infoma, ba kullum ake tsayawa jin ta bakinai ba. Maimunatu ta daina amsa gaisuwata.

Ran Alhamis Sodangi, shugaban 'yan sa-kai, ya sa anka kira shi ƙofar gidan mai unguwa. Anka ɗauko littafin da wayar da kofunan, a kife kan takardarsu.

Sodangi ya ce, "Lambobin ga, wa kake tura ma su?"

"Malamina. Duk laimar da na tsinta sai na rubuta lambobin inda ta tsiro, da itacen da ke kusa. In babu wurin, ba a karɓa."

"Kofunan hwa?"

Kamalu ya ɗaga guda. A ƙarƙashi hular laimar ce, ya cire ta a hankali, sai ga zane kan takardar kamar wayoyin ƙafar keke. Ya ce irinta ne ke zuba in ta kwana a rufe, launinai ke taimakawa a gane wace iri ce, don akwai masu kama da juna, guda a ci, guda ta kashe gida.

Sodangi ya yi ta murza wayar. Laima, laima, laima, har yatsanai ya gaji. Amma fuskatai ba ta saki ba, don hoto kowa na iya tarawa. Mai unguwa ya ce wa ya ga fitar yaron da idonai? Kowa ya juyo gare ni.

Ni kuwa na gyara zama. Na lissafa masu tiryan-tiryan: ranar, da lokacin, da hanyar da ya bi, da mai babur ɗin da ya ɗauke shi, da rigar da ya sa. Har ina jin daɗin kaina.

Kamalu ya bari na gama, sannan ya dubi Sodangi.

"Yallaɓai, kun duba littafina, babu sunan mutum ko guda. To ga wanda ya san ran da kowa ke fita, da hanyar da yake bi, da mai ɗaukar shi, shina zaune bakin hanya tun safe har magariba. Ni an ga tawa wayar. A miƙo ta Kawu Mudi."