Man Aduwa da Kajiji

Shekarar da Nasara suka kwashi maza a garin Dogo don aikin hanya, da maigidana aka tafi. Ina goyon ɗiyata ta fari lokacin. Ya tafi bayan an gama kai gero rumbu, bai dawo ba sai da ake sharar gona. Ya dawo da ƙafafunsa, mun gode Allah, amma barci ya ƙaurace masa. Wuyansa ya sandare saboda dakon dutse, in zai waiwaya sai ya juya da dukan jikinsa. Ko tabarya ce ta faɗi a tsakar gida sai ya zabura. Ba ya faɗa, ba ya zagi. Zama kawai yake yi a gindin bango, idanu jawur, yana kallon ƙofa.

A gidanmu na Gidimuni na tashi na tarar ana tausa da man aduwa. A fasa ƙwallon, a daka, a tatse man, a jiƙa kajiji a ciki, wato saiwar nan mai ƙanshi da muke tonowa a bakin tafki. Shi ake shafa wa mai jego da wanda gajiya ta kama. Ina da man, kajijina ne ya ƙare. Na fara yi masa da man zalla, yana ɗan yarda.

Sai yayansa ya zo daga Damagaram. Ɗan kasuwa ne, mai son ƙanensa ƙwarai. Ni ba na haɗa ido da shi, ba na yi masa magana, surukina ne. Ya miƙa wa Inna, uwarsu, wata ƴar kwalba daga kantin Nasara.

"A zuba masa wannan cikin man. Turaren manya ne, ba saiwar kwaɗi ba."

Inna ta shinshina, ta yamutsa fuska. "Kai da na yi wankan jegonka da saiwar kwaɗin, yau ka zama Nasara?"

Duk da haka muka ɗiga, don kada ya ji an raina kyautarsa.

Da hantsi na shimfiɗa tabarma, na ɗumama man a tafina. Ban kai ga taɓa wuyan maigidana ba ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin namiji ba. Ya ture ni, ƙwaryar ta kife, ya keta dangar kara ya fita. A bayan rumbu aka same shi tsugune, ya rufe kai da hannuwa biyu, yana cewa, "Na ɗauka, na ɗauka."

Yaya ya ce wannan taɓuwa ce. Ya ce ranar kasuwar Mirriya zai dawo ya kai shi wurin wani malami, a sa masa mari kafin ya ji wa wani ciwo. Na san waɗanda aka sa wa ƙarfe a ƙafa. Ban ga wanda ya dawo ya riƙe hauya ba.

Matar maƙwabcinmu, wanda suka yi aikin hanyar tare da maigidana, ita ta warware mini. Ta shigo ɗibar wuta, ƙanshin bai bar tabarmar ba tukuna.

"Ke, me kuka zuba nan? Haka rigar mijina take wari ranar da ya dawo. Ya ce Nasaran da ke tsaron aikin da wannan yake jiƙa mushuwar ɗinsa, ɗan ƙyallen nan na aljihu, ya toshe hanci in zai matso kusa da su. In ka ji ƙanshin nan a bayanka, to bulalar garda, dogarin Nasara, na tafe."

Ni ba ni da bakin gaya wa Yaya. Na gaya wa Inna. Ta ce, "Ɗauki goyonki ki je gida ki samo abinki."

Na je Gidimuni, na tono kajiji da hannuna. Na ƙone tsohuwar tabarmar, na sake ƙwarya. Da man ya jiƙu ban kai masa ba. Kaina na fara shafa wa, da jaririyar, muna zaune nesa kaɗan da shi, har hancinsa ya saba. Sannan na zauna gabansa inda yake ganina, na kama yatsunsa. Yatsu kaɗai na yi ranar. Wata ranar na kai gwiwar hannu. Ban taɓa zagayawa bayansa ba, ta gaba nake miƙa hannu in kai ga wuyan, ina murzawa a hankali da babban yatsa. Wani lokaci yakan riƙe hannuna ya ture. Sai in jira.

Ranar kasuwar Mirriya, bayan azahar, ina cikin murzawa na ji kansa ya yi nauyi a hannuna. Numfashinsa ya sauka. Ban motsa ba, ƙafata har ta mutu.

A haka Yaya ya iso da jaki. Inna ta tare shi a zaure.

"Rage murya. In ka tashe shi, kai zan sa wa marin."

Ya leƙo ya daɗe yana kallo. Na ji Inna tana gaya masa zancen kwalbar ƙasa-ƙasa. Ya juya da jakinsa.

Ba a sa masa ƙarfe ba. Amma ba zan ce ya warke ba. Daminar nan rabin gonar ya iya nomewa, sauran ƙannena suka taya. Wata ranar man ya yi aiki, wata ranar in murza har hannuna ya gaji idonsa biyu. Muka haifi sauran ƴaƴanmu a haka. Su sun tashi sun san in za su kawo wa babansu ruwa, sai sun yi gyaran murya tun daga nesa, su biyo ta gabansa.