Ranar da Baba Ya Bi Riɗinmu da Tarakta

A kakar shekarar da haƙorana na gaba suka zube, wata Juma'a da hantsi, ina tsugune ina hura wa Inna wutar kisra, wainarmu ta dawa, sai muka ji dariya daga ɗakin Baba. Inna ta tsaya da ƙullu a hannu. Tun saukar ruwan farko Baba yake kwance a kan angarib, gadonsa na igiya, fuska ga bango. Ya daina zuwa gonar attajirin da yake tuƙa wa tarakta kusa da Ƙala'at an-Nahal, ko sallama ba ya amsawa. 'Yar gonarmu ta riɗi ma Inna ce ta shuka da hannu, mu yara muna biye muna rufe rami da diddige. Sai ga shi ya fito cikin farar jallabiya, ya sha turare, yana tambayar ina gahawarsa.

A wurinmu in mara lafiya ya tashi, sadakar godiya ake yi, a yanka akuya, a kira maƙwabta. Haka aka yi wa Gwaggo Zainabu, ƙanwar Baba, da baƙin ciki ya kwantar da ita bayan rasuwar ɗanta. Ita a hankali ta dawo, yau ta share tsakar gida, jibi ta je ɗibar ruwa, har ta zama Gwaggon da muka sani, ta kuma tsaya a nan. Muka ɗauka na Baba irin nata ne, aka yanka akuyar. Maza na yi masa barka, shi kuwa yana magana kamar ana korarsa, bai gama wannan ba ya kama waccan, nama na hucewa a gabansa. Kawu Sale ya ce, "Wannan ai ya fi mu lafiya, a sammini abin da ya sha." Kowa ya yi dariya, ban da Inna.

Daga ranar barci ya ƙaurace masa, bai kuma gaji ba. Ya ce ƙasa tana yi masa magana, wai za ta ba shi amfani sau biyu a shekara in ya juya ta yanzu. Riɗinmu kuwa ya fara rawaya, saura kaɗan a yanka, kuma shi ne cinmu da suturarmu har wata damina.

Rana tsaka abin ya faru, iska ta tsaya cak. Muna 'yar carafke a inuwa sai muka ji ƙarar tarakta, a lokacin da tarakta ba ta da aiki a gonar kowa. Na bi Inna da gudu. Baba ne a gonarmu a kan taraktar attajirin, ya sauke garma yana zagayawa, riɗi na kwanciya, baƙar ƙasa na rufe shi, balbelu na biye da shi shiru. Waƙa yake yi da wata murya da ban san shi da ita ba. Inna ta tsaya a bakin gona ta ce, "Malam, abincin yaran ne fa." Ya dube ta da fara'a, irin kallon da ake yi wa baƙuwa daga nesa, ya ɗaga mata hannu ya wuce. Bai tsaya ba sai da mai ya ƙare. Kafin sanyi ya shigo ya koma kan angarib, Inna kuma ta tafi Fashaga yankan riɗin wasu. Waɗansu suka ce iskoki ne, waɗansu suka ce ganganci.

Na girma, na yi aure, na haifi namiji aka sa masa sunan Baba, muna kiransa Abba. Da shi ma ya kwanta yana saurayi, likita a Gadarif bai tsaya kan kwanciyar kaɗai ba. Ya tambaye ni ko yaron ya taɓa yin kwanaki ba barci, yana zuba magana da manyan shirye-shirye. Nan take na tuna Baba a kan tarakta. Likitan ya ce, "Hajja, ciwon damuwa ƙasa kawai yake kai mutum. Wannan yana kai shi ƙasa, ya kai shi sama, kuma saman ma ciwo ne. Maganinsu ba ɗaya ba ne. In aka ba shi na damuwa kaɗai, yana iya cilla shi sama."

Yau Abba yana shan maganinsa, yana noma, yana barci, 'ya'yansa na hawa bayansa. Baba kuwa har ya rasu yana roƙon Inna gafara, a zatonsa mugun hali ne gare shi. Ina ma ya kai zamanin da za a ce masa ciwo ne.