Shekarar da Auta Ta Daina Kwanciya

Komawar soja bariki ta biyu nake nufi, ba ta farko ba. A ta farkon mijina yana raye, ni ma ina da ƙarfina. Wannan kuwa kusan shekara guda ce bayan an kawo gawar shugaban soja an binne a nan Kano, wayar hannu ba ta shigo gari ba tukuna, layin mai kuma yakan taso daga titin Zariya ya lanƙwaso har cikin Gyadi-Gyadi. An yi zaɓe, aka ce sai ƙarshen bazara za a miƙa mulki. To a tsakanin nan ne, cikin zafin da ke sa ƙadangare ya saki baki, ƙanwata ta daina kwanciya.

Bari in fara gaya muku ko wace ce ni a unguwar. Gidan da mijina ya bar mini ɗaki biyar ne. Ina ɗaya, ƙanwata tana ɗaya, uku na zuba 'yan haya, matan da ke aiki ko karatu a babban asibitin da ke kusa da mu. Ban yi boko ba, ko baƙi ɗaya ban sani ba, amma ba a taɓa yin sata a gidana ba, ba a taɓa kai ni gaban mai unguwa ba. Dalili kuwa, ba na ba mace ɗaki sai na ga barcinta. In ta zo neman haya sai in ce ta dawo gobe bayan azahar. In dama mata fura mai kauri, in shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, in ce bari in ƙarasa wani aiki. Ba wadda ta taɓa kai rabin awa ido biyu. Sai in lallaɓo in tsaya a kanta.

Kakata ce ta koya mini. Mai rub da ciki, ta watsa hannu da ƙafa, ba ta da mugunta amma ba ta da kula, za ta bar miki famfo a buɗe. Mai rigingine da hannu a ƙirji girman kai gare ta, kuma irinta dannau ke hawa, abin nan da ke danne mutum cikin barci ya kasa motsi. Wadda ta dunƙule gwiwa har haɓa an taɓa tsorata ta, ba za ta ɗaga miki murya ba. Har daga Daurawa da Ƙauyen Alu akan aiko mini 'yar aiki in duba kafin a ɗauka. Ban cika kuskure ba kuma, ku je ku tambaya.

Cikin 'yan hayata akwai wata nas 'yar Filato, Kirista, gajeriya, Sista muke ce mata. Ranar furarta dunƙulewa ta yi kamar 'yar kyanwa, na ce wannan ba za ta ba ni wahala ba.

Ƙanwar tawa kuwa Auta muke kiranta, shekara takwas na ba ta. Tabarma ɗaya muka tashi a kai. Rub da ciki take barci, ƙafarta a wuyana, yawu na zuba. Shekara hamsin ina yi mata faɗa, ina cewa kwanciyar da malamai suka hana ce, ta kwanta a dama ta sa hannu a kunci kamar 'yar mutane. Sai ta yi dariya ta ce, "Yaya, in na yi barci ai ni ba na nan. Ki yi faɗan da wadda kika tarar." Da mijinta ya rasu a Tarauni, ba ɗa ba jika, na je na ɗauko ta.

Da matashin kai abin ya fara. Ta ari na biyu a wajena, ta ari na uku. Wata rana da la'asar na leƙa ɗakinta na same ta a zaune, ta jingina da bango, wuya ya karye gefe, baki a buɗe, tana barci. Idon bai rufu duka ba, farin yana leƙe. Kafin mako ya zagayo man kanta ya yi wa bangon tabo, baƙi, zagayayye, daidai tsayin mutum a zaune.

Duk cikin abin da kakata ta koya mini magana ɗaya ce kawai a kan wannan: mai barci a zaune jiran wani yake. Na tashe ta.

"Auta, wa kike jira?"

"Ba jira nake ba, Yaya. Gadi nake."

"Gadin me? Tsummokaranki?"

Ba ta yi dariya ba. Ta nuna ƙofa da haɓa. "Yana nan a tsaye. In ina zaune ba ya shigowa. Da na miƙe sai ya tako a hankali ya hau nan." Ta dafa ƙirji. "A jiƙe yake sharkaf, kamar wanda aka ciro daga rijiya. Ba ya cewa komai. Nauyi ne kawai."

"Da rana tsaka?"

"Shi ina ruwansa da rana."

Na waiga. Ba komai a bakin ƙofar sai labule da butar alwala. Amma daga ranar, in zan shiga ɗakin, ta gefe nake rabewa.

Na ce dannau ne, kuma na san maganinsa. Na sa mata wuƙa a ƙarƙashin tabarma, na turara ɗakin da tazargade da habbatus sauda, na karɓo rubutu ta sha. Ba abin da ya sake. Sai na ce a raina laifin kwanciyarta ne, wadda ba ta taɓa kwanciya daidai ba tun da aka haife ta.

Wata safiya Sista ta dawo daga aiki ta tarar da Auta a bakin rariya, ta tsaya tana haki daga ɗaukar buta kawai. Ta durƙusa ta danna mata babban yatsa a ƙafa. Da ta ɗaga, ramin ya zauna, kamar an danna tuwo.

"Mama, tun yaushe take barci a zaune?" ta tambaye ni.

"Ke kuma mene ne naki? Dannau ne, ana magani."

"Mama, wannan dannau ɗin mun san shi a ɗakin da nake aiki. Zuciya ce ta gaji, ruwa na taruwa a ƙirji. In ta kwanta sai ruwan ya bazu ya tare numfashi. Ki bari in kai ta gobe. Kuma don Allah kar a kwantar da ita."

"Iye! Yarinyar da na ba fura ta yi mini minshari a tsakar gida, ita za ta koya mini barci? Tun uwarki ba ta yi haƙori ba nake kallon masu barci."

Auta ta sa dariya har tari ya sarƙe ta. "Sista, ƙyale ta. Yaya ko gawa ta gani sai ta gyara mata kwanciya."

Na gaya wa kaina tsoron asibiti nake, don mijin Auta da ƙafarsa ya shiga aka fito da shi a kwance. Akwai wannan, ba ƙarya ba ne. Amma babban abin shi ne kar a ji a unguwa cewa ni, da ake aiko wa mutane daga Daurawa, 'yar haya ce ta karanta mini barcin ƙanwata. Sau uku Sista ta sake yi mini magana, sau uku ina korar ta. Haka muka ci kwana goma.

Ranar da aka rantsar da farar hula Asabar ce. An kawo wuta, kowa ya tafi gidan Alhajin da ke jikin namu, don shi ne mai babbar talabijin. Lungu ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi. Na idar da azahar na shiga ɗakin Auta na kwashe matasan kan nan uku na jefa waje.

"Yau za ki kwanta kamar mutum."

"Yaya, yana nan fa."

"Ni ma ina nan. Ya zo ya same ni."

Ta dube ni, ta dubi ƙofa. Ba ta taɓa yi mini musu a babban abu ba. Na kama kafaɗarta na kwantar da ita a dama, fuska gabas, na ɗauki hannunta na sa mata a ƙarƙashin kunci, na daidaita ƙafafun, na yi addu'a na tofa. Sannan na jawo faranti na zauna tsakaninta da ƙofa ina tsintar shinkafa. Wallahi ta yi kyau. Ina kallonta ina jin daɗi, ina cewa shekara hamsin, sai yau.

Can sai na ji kamar tukunya ta fara tafasa a nesa. Na ɗauka wani abu na bari a wuta, na tashi na je murhu. Toka ce mai sanyi. Na saurara, ƙarar ba a tsakar gida take ba. Na koma ɗaki. Daga ƙirjin Auta take fitowa.

Idonta a buɗe, amma ba ni take kallo ba. Bayan kafaɗata take kallo, sama kaɗan. Leɓenta ya yi baƙi kamar ta sha ɗinya, kumfa na tsattsafowa a gefen baki. Hannun nan kuwa yana nan inda na ajiye shi. Ba ta yunƙura ta tashi ba, don na ce ta kwanta. Ni kuma, ku ji fa, ban ɗaga ta ba. Ƙara murya na yi da addu'a ina cewa, "Daure, Auta, yanzu zai sauka." Bayana ya yi sanyi kamar an jingina mini jiƙaƙƙen zane, na kasa waiwayawa. A gidan Alhaji aka kaure da tafi da guɗa.

Wake Sista ta bari a kan risho, shi ya dawo da ita. Ban ji shigowarta ba, sai ji na yi an hankaɗe ni, farantin shinkafa ya kife. "Matsa, Mama! Matsa na ce!" Ta cicciɓi Auta ta zaunar da ita a kan kujera, ƙafafu a ƙasa, ta rungume ta ta baya tana ƙwala wa maƙwabcinmu direban tasi kira da wata murya da ban san tana da ita ba. A zaune muka sa ta a mota, ni ta dama, Sista ta hagu. Titi ba kowa.

A asibiti suka ɗaga kan gadon har ya zama kamar kujera, suka sa mata iska a hanci, suka yi mata allurar da ta yi ta fitar da ruwa. Washegari ta farfaɗo. Ta dube ni da ɗan murmushinta ta ce, "Yaya, kin ga ashe na iya kwanciyar."

Na gyara mata mayafi. Sannan na ce, "Yana nan?"

"Ya biyo mu. Ga shi can a ƙarshen gado. Amma ya ɗan bushe."

Kwana tara ta yi. Har aka fara zancen sallama. Ranar ta tara da hantsi na miƙa mata kofin koko, na juya ina neman cokali a jaka, da na juyo kanta ya jingina, kofin yana nan a hannunta bai zube ba.

Bayan sadakar uku na kira Sista ɗakina na rufe ƙofa. Na ce, "'Yar nan, tsakaninki da Allah, ni na kashe ta?"

Ta zauna a bakin tabarma. Sannan ta ce, "Mama, zuciyar ta daɗe da gajiya. Ko an kawo ta da wuri ba warkewa za ta yi ba. Amma da ta ƙara kwana, wataƙila shekara, wataƙila fiye. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Na ce na gode. Ban taɓa sake tambayar kowa ba, likita ko malam, don na san amsar da za su ba tsohuwa, kuma ba ita nake so ba.

Direban tasin ya rasu a hanyar Zariya shekarun baya. Sauran 'yan hayan biyu sun yi aure sun watse, ban san inda suke ba. Alhaji mai talabijin yana nan, ya makance, ana fito da shi ƙofar gida da safe, yana gane ni da takuna. Sista ta yi ritaya ta koma garinsu, gashinta ya yi fari fat, duk shekara tana aiko mini da buhun dankali. Sai kuma ni.