Kwana Ukun da Kawu Lazarus Bai Je Gadi Ba

Kawuna Lazarus bai taɓa riƙe babbar waya ba, amma shekara goma sha ɗaya shi ke gadin ƙarfen sabis da aka kafa a tsakiyar gonakinmu, can wajen Bagwai. A gonarsa ma kamfanin ya kafa shi, aka ba shi gadi don a toshe masa baki. Abin da ya rage na gonar ko akuya ba zai ƙosar ba. Gadin nan shi ne cinsa, shi ne shansa.

Aikin ba wani mai yawa ba ne. Ya nome ciyawa, ya kori awaki, in janareta ya yi tari ya sa a buga wa ofis. Daga baya ko bugawar ma aka ɗauke masa, don wani injiniya, Abdulkabir, ya zo daga Kano ya saka wani akwati. Ya ce sunan tsarin SNMP: duk minti biyar kwamfuta a Kano za ta tambayi kowace na'ura lafiyarta, ƙarfin batir, zafi, ƙofa a buɗe take ko a rufe, su kuma su amsa. Kawu ya ce, "To, gaisuwa ke nan." Ya koma kan bencinsa.

Bara da kaka matarsa, Inna Leah, ta rasu. Ba su taɓa haihuwa ba. Muka binne ta, aka shimfiɗa tabarmi. A wurinmu mai makoki ba ya ɗagawa sai an yi uku, Kawu kuwa bai ɗaga ba. Bai yi kuka ba, bai ci abin kirki ba. Kowa ya zo gaisuwa, "an gode" kawai yake cewa.

Rana ta huɗu ya ce in kira masa Abdulkabir. Na ce, "Kawu, bari mana, wa ya tambaye ka?" Ya ce shi bai taɓa cin amana ba, ya yi laifi, sai ya faɗa da bakinsa. Har yau haushin kaina nake ji da na danna lambar nan.

Ya karɓi wayar. "Ranka ya daɗe, na bar wajen kwana uku babu kowa. A yafe mini."

Abdulkabir mutumin kirki ne, ya yi masa ta'aziyya sosai. Muna jin yana danne-danne. "Baba, kada ka damu. Ga shi a gabana, kwana ukun nan komai lafiya lau. Mu ba mu ma san ba ka nan ba."

Haka ya rubuta a rahotonsa, wai don ya wanke Kawu. Ƙarshen wata sai ga takarda daga kamfanin: duk wurin da na'ura ke amsawa da kanta ba ya buƙatar mai gadi.

Ni na karanta masa a tsakar gida. Ya ce in sake, na sake. Sannan ya ce, "To, gobe da safe ina zan tafi?"