Mai Ɓaure a Gaban Alloli

Kwandon ɓaure ne a kansa, amma ba sayarwa ce ta kawo shi kasuwar Atina ba. Tsoho ne siriri, ƙafafunsa duk faso, mayafinsa ya koɗe. Da gani gonarsa tana can bakin daji, kuma nunan fari ne ya ɗebo.

Yana tsaye gaban dutsen hadaya, yana rera yabon alloli da shaƙaƙƙiyar murya. Ya kira Ziyus mai tsawa, ya ajiye ɓaure. Ya kira Dimita uwar hatsi, ya ajiye wani. Kwandon sai raguwa yake yi.

"Baba, ka rage wa jikoki mana!" in ji Mirrina mai kifi. "Allolin nan ba yunwa suke ji ba."

"Rufe mini baki, 'yar nan. Sarkin Kalidon, allahiya Artamis kaɗai ya manta bai yi wa hadaya ba, ta turo aladen daji ya tattake ƙasarsa kaf. Balle 'yar gonata?"

Ɓauren ya ƙare. Ya juya zai tafi, sai ya tsaya cak, leɓɓansa suna motsi. Ya dawo.

"Da kai ma, wanda ban san sunanka ba," ya ce, ya ajiye kwandon.