Gazarbale

Warin kaba da aka jiƙa a ruwa ba ya taɓa wuce hancina ban ji raina ya ɓaci ba. Kai ka ce wani abu kabar ta yi mini. Ba ita ba ce, wan babana ne, wanda muke kira Baba Babba.

Garinmu yana kusa da Tibiri. Da rani, in an gama sussuka rumbu ya cika, gidanmu duka ƙarƙashin gawon ƙofar gida muke wuni. Maza suna tufkar igiya da jiƙaƙƙiyar kaba, mata suna ɓarar gujiya, mu yara muna raɓe. Nan ake wasan da muke kira uku-uku. Mutum zai jefo tsohuwar kalma, irin ta mahalba ko masaƙa, ya ba ta ma'ana uku, biyu ƙarya ɗaya gaskiya, a zaɓa. Ƙarya a ma'ana halal ce, ita ce ma daɗin wasan. Amma kalmar kanta dole ta kasance akwai ta. Wanda ya ƙago kalma, toka ake shafa masa a goshi, yara su yi masa ihu.

Baba Babba shi ne alƙali. Shekara da shekaru yana tafinta ga kumandan, Baturen mulki, a Dogon Dutsi. Da aka samu mulkin kai, kumandan ya tafi, aka ce ba a bukatar bakinsa, ya dawo gida da hular kwano da girman kai. Ba shi da gona mai kirki, ba ya iya tufka. Sanin magana kaɗai ya rage masa, kuma wallahi ba ya son a raba shi da kowa.

Babana rijiya yake ginawa, mutum ne marar surutu. Wata rana aka matsa masa ya jefa. Ya faɗi sunan da masu ginar rijiya suke ba ƙasar nan mai sanyi da ake tararwa dab da ruwa. Ba wanda ya sani. Baba Babba ya murza gemu, sai ya ce, “Kalmar ga babu ta. Ƙagowa ka yi.”

“Yaya, daga bakin maigidana da ya koya mini aiki na ji ta,” in ji babana.

“Maigidanka ya mutu. A kawo toka.”

Da hannunsa ya shafa. Mutum mai ɗiya biyar, a gaban matarsa! Yara suka yi ihu, har da ƙannena da ba su san komi ba. Babana ya naɗe igiyarsa ya shiga gida. Daga ranar bai sake zama ƙarƙashin gawon ba, kuma sunan maƙaryaci ya bi shi har bakin rijiyoyin mutane.

Ina shekara goma sha biyu. Na riƙe abin nan a ciki har rani ya zagayo. Ran da na shirya, na tarar da kakata, uwarsu su biyu, tana kaɗi. Na raɗa mata cewa na ƙaga kalma yau da safe wajen daka, ba ta da ma'ana ko ɗaya, ina so ta zama shaida. Ta daɗe tana kallona, mazarinta yana juyi. Ta ce, “Ni kunne ce kawai.”

Bayan la'asar aka ce a bar yara su jefa. Na ce, “Gazarbale.” Na ce ko igiyar dabaibayin jaki ce, ko furar da ake fara ba baƙo, ko iskar da ke tasowa kafin ruwan farko. Manya suka dubi juna, sannan duk suka dubi alƙali. Da ya ce bai sani ba, da shi ke nan, ni kaɗai zan sha toka.

Ina! Ya gyara hula ya ce iska ce mana. Ya ce kakanninmu haka suke kiranta. Bai tsaya nan ba, ya ce shi da kansa ya taɓa fassara ta ga kumandan, har Bature ya rubuta a littafi. Na bar shi ya yi nisa, ina jin daɗi har cikin ƙashina. Da ya numfasa na ce, “Baba, yau da safe na ƙaga ta. A tambayi Kaka.”

“Mi kika ce?” in ji shi.

Kaka ba ta ɗaga kai ba ta ce, “Haka ta gaya mini.”

Na miƙa goshina aka shafa mini toka, ban goge ba sai magariba. Shi ba wanda ya taɓa shi, amma dariyar da matan gida suka ƙunshe ta fi toka. Na ruga na gaya wa babana, ina jiran ya yi murna. Ya ce, “Wana ne fa,” ya ci gaba da gyaran gugansa.

Wasan ya mutu daga ranar, don ba wanda zai sake yarda da alƙali. Baba Babba ya rayu shekaru bayan haka, bai taɓa buɗe baki ya ce ƙanensa ya yi gaskiya ba. Mutane kuma suka ɗauki kalmata don yi masa ba'a, duk sanda hadari ya haɗo sai a ce gazarbale ta taso. Ba'ar ta gushe, kalmar ta zauna.

Bara na je gida, na ji wata jikata tana kira a kwashe shanya, gazarbale ta taso. Na tambaye ta inda ta samo. Ta ce ai Hausar kakanni ce. Yanzu da inji ake haƙa, masu ginar rijiya sun ƙare. Na bi tsofaffin garin ɗaya ɗaya ina neman kalmar babana, ba wanda ya riƙe ta. Ni ma da na yi shekara ina shirya ramuwa a kanta, ban tsaya na haddace ta ba. Ana ce mini in yafe wa mamaci. Ban yafe ba, kuma kada wanda ya sake roƙona.